Wasiƙar edita: tsallake ta ake yi, ko rubuta ta ne ba a iya ba?

Malama, kin tambaya ko shafin wasiƙar edita, wato saƙon da edita ke rubuta wa masu karatu a farkon mujalla, yana da wani amfani, ko ɓarnar takarda ce kawai tunda mutane tsallake shi suke yi. Na daɗe ina aikin tace rubutu a wata ƙaramar mujalla, bari in faɗa miki abin da na gani.

Ana tsallakewa kam, amma yawanci laifin editocin ne. Ita ake rubutawa a ƙarshe, sau da yawa a daren da za a kai aiki maɗaba'a, kowa ya jigata. Sai edita ya hau lissafi: shafi kaza akwai hira, shafi kaza akwai rahoto. To ga jerin abubuwan da ke ciki nan kusa da ita, wa zai karanta abu ɗaya sau biyu?

Wadda ke riƙe mai karatu ita ce mai ɗauke da abin da babu shi a sauran shafuka: me ya sa aka zaɓi wannan hoton bango aka bar wancan, wace gardama aka tafka a ofis kafin a buga wani rahoto. Ko'ina da sunan mujalla ake magana, a nan ne kaɗai shugaban aikin yake cewa "ni", ya sa hannu, wani lokaci har da hotonsa. Duk watan da editanmu ya ɗauko ƙorafin wani mai karatu ya amsa, ko da bai yarda da shi ba, sai saƙonni su yi ta shigowa, kuma da sunansa ake aiko su, ba da sunan mujallar ba.

Dabarar tsohuwa ce. Edward Bok, wanda ya riƙe Ladies' Home Journal a Amurka daga 1889 zuwa 1919, ma'aikata ya ajiye musamman don amsa wasiƙun masu karatu, kuma a zamaninsa mujallar ta kai masu biyan kuɗi miliyan ɗaya. Misalin da ya fi burge ni shi ne na mujallar National Geographic. A fitowar Afrilu 2018, editarta, Susan Goldberg, ta rubuta ƙarara cewa mujallar ta shafe shekaru da dama tana nuna wariyar launin fata a rahotanninta, bayan ta sa masanin tarihi John Edwin Mason ya bincika tsofaffin fitowa. Da a tsakiyar mujallar aka cusa wannan magana ba sa hannun kowa, da ba ta yi nauyin da ta yi ba.

In ke za ki riƙa rubutawa, kada ki ba wani ya rubuta miki, masu karatu na yau da kullum suna gane sauyin murya. Kada kuma ki mai da shafin wurin yabon masu talla. Ki riƙa ajiye ɗan rubutu tun farkon wata, lokacin da gardamar ofis take da zafinta.