Na juya hannun wuƙa milimita 1, ƙarfen ya ragu da 2: ina matsalar?

Tambaya: Na sayi ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe na ajiye a gida. Ina so in rage sandar ƙarfe daga kaurin milimita 25 zuwa 24, na juya hannun da ke tura wuƙa ciki milimita 1, sai ta koma 23. Kuma in na janye wuƙar na dawo kan lambar da nake, ba ta cin ƙarfen yadda ta ci da farko. Injin ne ya lalace?

Amsa: Malam, injinka lafiyarsa lau. Ƙarfen juyawa yake yi, don haka duk abin da wuƙa ta ci a gefe ɗaya ta ci shi a kewaye gaba ɗaya. Shigar milimita 1 tana cire 2 daga kauri. Rabin milimita ya kamata ka shiga.

Sai dai wasu injinan an rubuta lambobinsu da lissafin kauri ne kai tsaye, shi ya sa nake so ka gwada naka da kanka. Ɗaura guntun ƙarfe, ka ɗan share samansa, ka tsayar da injin ka auna. Mayar da zoben lambobin kan sifili, ka shiga 0.5, ka yanka, ka sake aunawa. In kaurin ya ragu da milimita 1, to kullum rabin abin da kake son cirewa za ka juya.

Matsala ta biyu wasa ne, wato ɗan gibi, tsakanin sukurun da ke tura wuƙar da notinsa. Juya hannun baya a hankali ka sa ido kan wuƙar: lambobi za su wuce layi da yawa ita ko motsi ba ta yi ba. Kowane inji yana da wannan, har sabo fil. Maganinsa shi ne ka riƙa isa lambarka ta hanya ɗaya, kana tura ciki. In ka zarce, kada ka ɗan koma baya kaɗan. Janye zagaye guda cur, sannan ka dawo a hankali.

Kada kuma ka cire komai a yanka ɗaya. Bar 0.1 ko 0.2 na ƙarshe, ka jira ƙarfen ya huce kafin ka auna, domin zafi yana kumbura shi. Tsinin wuƙar ya kasance daidai tsakiyar sandar. In ka share fuskar ƙarshen sandar ka ga ɗan tsiro ya rage a tsakiya, tsayin wuƙar bai daidaita ba. Sandar da ta fito daga cok, wato abin da ke riƙe ƙarfen yana juya shi, fiye da ninki 3 na kaurinta tana lanƙwashewa ta guje wa wuƙa, sai ka tokare ƙarshenta da tsinin da ke ɗaya gefen injin.

Ga ƙarfe mai laushi na milimita 25 da wuƙar HSS (ƙarfe mai tauri da ake yin wuƙar yankan ƙarfe da shi), juyi 350 zuwa 400 a minti ya isa. Kada ka sauya giya injin yana gudu. Cire makullin cok kafin ka kunna, ka naɗe hannun riga, babbar riga kuwa a cire ta gaba ɗaya.