Ana mayar wa mai gida kuɗin haraji a Kano?

Malam, ka ce ɗan'uwanka da ke Amurka ana rage masa harajin gida saboda shi ke zaune a ciki, kana tambaya ko gidanka na Gwale zai samu irin wannan sassauci.

Ka fara sanin cewa kuɗin da ake biya a kan gida iri biyu ne. Akwai kuɗin ƙasa, wanda gwamnatin jiha ke karɓa a kan filin da ke da takardar shaidar mallaka ta C of O, tun da dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Akwai kuma harajin gini, wanda tsarin mulkin 1999 ya sanya cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Kafin ka ciro ko sisi, duba takardar da aka kawo maka: wace hukuma ce ta buga ta, shekarar nawa ce, sunan wa ke kai. Sau da yawa gidan gado yana nan da sunan kakan da ya rasu, bashi kuwa na ta taruwa a kansa. Ka biya ta banki, ka adana rasit. Mai zuwa ƙofar gida yana cewa a ba shi a hannu, sallame shi.

Rangwamen da doka ta tanada yana wajen harajin albashi. In da bashin banki ka gina gidan da kake zaune a ciki, ana cire ruwan bashin daga kuɗin shigarka kafin a lissafa haraji, haka ma gudummawar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi da ake biya a asusun gidaje na ƙasa. Kai takardun wurin akawun albashi na wajen aikinka.