Tambayoyin Masu Karatu: Doguwar tafiya a jirgi da ƙaramin yaro

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana yana karatu a Ingila, zan kai masa ziyara da ɗanmu mai shekara ɗaya da wata 10, mu yi wata 3 mu dawo. Ban taɓa hawa jirgi ba, yaron kuma ƙiriniya gare shi. Maƙwabciyata ta ce in ba shi maganin mura mai sa barci kafin mu shiga. Me zan shirya, kuma maganin nan ba shi da illa? Daga wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari mu fara da abin da ba ki tambaya ba, don shi zai fi cin kuɗi. Yaron da bai cika shekara 2 ba yana iya zama a cinyar uwarsa, kuma a tafiyar ƙasa da ƙasa yawancin kamfanoni kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba suke karɓa masa, ban da haraji. Ranar da ya cika 2 dole ya zauna a kujerarsa, kuma a yawancin kamfanoni rangwamen ya ƙare, sai an saya masa. Naki zai tafi yana wata 22, ya dawo yana wata 25. Ki faɗa wa mai yanka miki tikiti ranar haihuwarsa tun yanzu, domin kowane kamfani da yadda yake lissafin wannan, kada sai ranar dawowa a tsayar da ke a kanta. In da hali, ki saya masa kujera har a tafiyar zuwa. Yaro mai kilo 11 ko 12 a cinya tsawon dare ba wasa ba ne, ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon jirgi kuwa yawanci ya yi wa mai shekarunsa kaɗan.

Maganin barci kuma, kada ki ba shi. Phenergan an hana bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda yana iya danne masa numfashi. Piriton da ire-irensa sukan juya wa wasu yara: maimakon barci sai ido ya bushe, fitina ta ƙaru, ke kuma kina sararin sama ba asibiti kusa. Abin da za ki riƙe shi ne farasitamol na ruwa, don zazzaɓi ko ciwon kunne. Ƙa'idarsa miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin yaro. Mai kilo 12 zai sha miligiram 180, wato mililita 7.5 idan kwalbar ta miligiram 120 a cikin mililita 5 ce, kuma kada ya wuce sau 4 a kwana ɗaya. Ki duba rubutun kwalbar, don ba duka ƙarfinsu ɗaya ba.

Barcin da kike nema, a ƙasa ake shirya shi. Kada ki taso daga Jos ranar tafiyar, ki biyo ta Akwanga da Keffi da yaro a mota, ki zarce filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Zai shiga jirgi a gajiye, kuma yaron da gajiya ta wuce masa misali kuka yake yi, ba barci ba. Ki kwana a Abuja, ki isa filin awa 3 kafin tashi. Bayan an gama bincike ki sauke shi ya yi ta zirga-zirga a wurin jira har ƙafarsa ta gaji. Za a kira masu yara su fara shiga, amma ba dole ba ne. Wanda ya fara shiga shi ya fi daɗewa a zaune. Daga Abuja zuwa Landan kai tsaye kusan awa 6 da rabi ne. Ta Istanbul, Addis Ababa ko Alƙahira wani lokaci ya fi sauƙin kuɗi, sai dai tafiyar takan haura awa 12. In za ki yada zango, ki nemi mai tazarar awa 2 zuwa 4. Mai goyo da jaka ba ta iya gudu tsakanin ƙofa da ƙofa.

Sai kunne, wanda shi ne tushen yawancin kukan da ake ji a jirgi. Matsin iskar cikin jirgi yana daidai da na tudun da ya kai mita 1,800 zuwa 2,400, wato tudun da ya fi Jos ɗinku mai mita 1,200 da ɗoriya tsawo. Idan jirgi ya fara saukowa matsin yana ƙaruwa a wajen dodon kunne, ita kuma 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro a jikin yaro siririya ce, ba ta saurin buɗewa. Haɗiya ce ke buɗe ta. Saukowa takan fara kusan minti 30 kafin taya ta taɓa ƙasa, to daga nan ki fara ba shi nono, fida ko ruwa a kofi, kurɓi-kurɓi. Kada ki cika masa ciki kafin lokacin, zai ƙi karɓa. In mura mai ƙarfi ta kama shi ko kunne na ciwo a makon tafiya, likita ya duba shi tukuna.

Jakar hannu ita ce gidanki har ki sauka. Famfas ɗaya ga kowace awa 2 zuwa 3 ta tafiyar, ki ƙara 3 don jinkiri. Kayan sawarsa canji 2, ke ma riga da zane ɗaya, don amai ba ya zaɓen wanda zai sauka a kansa. Ledoji na ƙulle ƙazanta, rigar sanyi da safa. Dokar da ta hana shiga jirgi da kwalbar ruwa da ta wuce mililita 100 ba ta hau kan madara da abincin yara daidai buƙatar tafiya ba, amma ki fito da su daban a wurin bincike. Biskit, burodi da ayaba sun wadatar. Gyaɗa, aya da alewa mai tauri ki bar su a gida, suna shaƙe ƙaramin yaro. Abincin yara na jirgi sai an yi odarsa aƙalla awa 24 kafin tashi. Kayan wasa 3 ko 4 da bai taɓa gani ba, marasa ƙara, ki riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya.

A cikin jirgi ki nemi kujerar bakin hanya, ba za a ba ki ta ƙofar gaggawa ba. Ba a goyo lokacin tashi da sauka. Yawancin jirage za su ba ki ƙaramin bel da ake sarƙafawa a naki. Shayi mai zafi da yaro a cinya kada su haɗu. In ya yi kuka ki tashi ki zaga da shi idan fitilar da ke nuna a ɗaura bel a kashe take, ki daina kallon fuskar mutane.

TAMBAYA: Malam, 'yata wata 14, za mu je Dubai ta Addis Ababa. Za a iya saka ta a fasfon mahaifiyarta? Daga wani magidanci, Kubwa, Abuja.

AMSA: A'a, Alhaji. Kowane yaro da fasfonsa da bizarsa, ko jiya aka raɗa masa suna. Hukumar Shige da Fice za ta nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lambar NIN ta yarinyar, da takardar amincewar iyaye. Ka yi mata katin rigakafin zazzaɓin shawara a ofishin lafiya na tashoshin shige da fice. Allurar ana yinta tun yaro yana wata 9, saboda haka wataƙila an riga an yi mata. Ka tafi da katin asibitinta ya zama shaida. In ba a yi ba, takardar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Duk ranar da uwar za ta yi tafiya da ita ba tare da kai ba, ka rubuta takardar izini da sa hannunka, ka haɗa da kwafin fasfonka.

TAMBAYA: Ɗana ba ya cin komai sai fura da nono da dambun nama. Zan iya ƙunsa masa zuwa Landan? Daga wata uwa, Gwarinpa.

AMSA: Hajiya, Ingila ba ta yarda a shigo da nama ko kayan nono daga Nijeriya ba, har kilishi da man shanu. Madarar jarirai ta gari a gwangwaninta da ba a fasa ba an yarda da ita har kilo 2. Dambun ya ci abinsa a cikin jirgi, ragowar ki bar shi kafin ki isa wurin kwastam. Nonon kuwa ko a hanya kada ki dogara da shi, awoyi ba sanyi sun isa su lalata shi. Ki fara saba masa da kunun garin gero da ake damawa da ruwan zafi tun mako 2 kafin tafiya. Ma'aikatan jirgi za su ba ki ruwan in kin tambaya.