Ƙwan gyaɗa yana wargajewa a cikin cakulan

'Yar'uwa, kin ce ƙwan gyaɗa, wato alawar markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai siffar ƙwai irin wadda Amurkawa ke yi da bikin Ista, yana wargaje miki da kin tsoma a cakulan. Kwaɓin ne ya yi ruwa. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar gida mai gare ta, ki tsiyaye tukuna. Gyaɗa kofi 1, garin sukari kofi 2, bota cokali 4, ki murza har ya daina kama hannu. Ki mulmula, ki sa a firiza minti 30.

Cakulan a kan tururi ake narkarwa, kuma ko ɗigon ruwa ya faɗa ciki sai ya dunƙule. Ki riƙa ciro ƙwan bibbiyu kina tsomawa.

Yaron da gyaɗa ke kumbura wa jiki kada ya taɓa, sai likita ya duba shi.