Filin Tambayoyinku: Kayan Fita Aikin Duwatsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen ilimin duwatsu da ma'adinai, ina aji uku. Bayan jarrabawa za a kai mu yankin Kaltungo da Dadin Kowa aikin zana taswira na mako biyu. An ba mu dogon jerin kaya, kuɗin hannuna kuma ba za su kai ba. Me zan fara saya? Yaya kuma zan yi da sutura, tunda hijabi nake sawa? Daga wata ɗaliba a Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a.

Takalmi za ki fara saya. Guduma da kamfas, wato na'urar nuna alƙibla, ana iya ara, sau da yawa ma sashe ne ke raba su rukuni-rukuni, amma ba wanda zai ara miki takalmin da ya saba da ƙafarki. Ki nemi but mai rufe idon sawu, mai kaurin ƙasa, ko da na gwanjo ne, ya ɗan fi ƙafarki don safa mai kauri ta samu wuri. Tun yanzu ki riƙa zuwa lacca da shi, domin sabon takalmi a kan dutse bororo yake fitarwa tun ranar farko.

Ina da dalilin dagewa a kan wannan. Ƙasar Kaltungo da Billiri ta yi suna da kububuwa, har akwai asibitin da aka keɓe wa masu saran maciji a Kaltungo. Kububuwa 'yar ƙarama ce, launinta ya saje da tsakuwa, kuma ƙarƙashin dutse take fakewa, daidai inda ɗalibin duwatsu ke kai hannu. Kada ki ɗaga dutse da hannu. Ki saƙala bakin guduma a gefensa na nesa, ki jawo shi wajenki, yadda dutsen zai shiga tsakaninki da abin da ke ƙasa. In an sari wani, Allah ya kiyaye, ban da tsaga, ban da ɗauri, ban da tsotsa. A nufi asibiti da shi nan take.

Batun sutura ba shi da wahala. Dogon wando mai kauri, rigar auduga mai dogon hannu wadda ta kai gwiwa, gajeren hijabi iya ƙirji, sai malafa a sama. Abaya da dogon hijabi su jira ki a masauki, don ƙaya da ƙarangiya ba za su bar su ba, kuma take gefen riga a kan gangare faɗuwa ce. Ga wani abu da ba a cika faɗa wa 'yan mata ba: kada ki maƙale hijabinki da maganaɗisun nan da ake yayi. Idan kika sunkuya kina auna karkatar shimfiɗar dutsen yashi na Bima, kamfas na kusa da ƙirjinki, maganaɗisun zai janye allurar ki rubuta lambar da ba ita ba, ba tare da kin lura ba. Waya da guduma ma haka suke yi, ki ajiye su gefe kafin ki auna.

Bayan takalmi sai littafin rubutu mai ƙarfin bango da fensir, don gumi da ruwa suna ɓata tawadar biro. Duk inda kuka tsaya ki rubuta lambar wurin, inda yake a taswira, abin da idonki ya gani, ki kuma zana shi ko da ba ki iya zane ba. A ganina maki na cikin wannan littafi. Hoton waya ba ya maye gurbinsa.

Gilashin ƙara girma mai ninki 10 ba shi da tsada, ki saya ki rataya a wuya. Asid ɗin gwaji, wanda aka tsarma zuwa kashi 10 cikin 100, daga sashe za ku karɓa. Ɗigo ɗaya a kan dutsen da ake siminti da shi, irin na Ashaka, sai ki ga yana kumfa. Ki rufe kwalbar da kyau, ki sa ta a leda, don asid ɗin yana cin tufa. Buhunan samfur, maka da tef ɗin awo ku haɗa kuɗi a rukuni.

Ruwan sha kada ya gaza lita 3 a rana, ban da na alwala, tare da ƙullin gishiri da sukari na ORS. Gidan sauro, tocila, fawa banki, da rigar sanyi in hunturu ne.

Katin makaranta da kwafin takardar sashe su zauna a jakarki kullum. Mutanen ƙauye in suka ga baƙi da guduma suna fasa dutse, zinariya suke zaton ana nema. Kafin ku shiga gonar kowa, ku je ku gaida mai unguwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku roƙi ya haɗa ku da wanda ya san dajin.