Shin Hayaniyar Intanet Tana Sa Gwamnati Ta Motsa?

Tambaya: Mu matasa ne a wata ƙaramar hukuma. An sa aikin gina asibitin garinmu a cikin ayyukan mazaɓu, aka kafa harsashi aka tafi. Wata uku ke nan muna rubutu a Facebook da X, mutane suna ta yaɗawa, amma shiru kake ji. Me masana suka ce game da irin wannan fafutuka? Ɓata data muke yi?

Amsa: Ɗan'uwa, masana sun daɗe suna jayayya a kan tambayar nan taka. Evgeny Morozov yana cikin masu cewa danna waya yakan sa mutum ya ji kamar ya sauke nauyi alhali bai taɓuka komai ba. W. Lance Bennett da Alexandra Segerberg kuwa, a 2012, sun nuna intanet ta kawo sabon salon haɗuwar jama'a, inda kowa ke shigowa da labarinsa ba tare da katin ƙungiya ko shugaba ba. Duka ɓangarorin suna da gaskiyarsu, amma bayanin Zeynep Tufekci, wadda ta bibiyi zanga-zangar Masar ta 2011 da ta dandalin Gezi a Turkiyya ta 2013, shi ya fi dacewa da halin da kuke ciki.

A ganinta, mai mulki ba yawan hayaniya yake aunawa ba, yana auna abin da ke bayanta ne: waɗannan mutanen za su iya hana ni ƙuri'a? Za su iya jurewa wata shida? A da, tara mutum dubu goma aikin watanni ne, kuma a cikin wahalar shirin ake samun amintattun shugabanni da hanyar yanke shawara. Ƙauracewa motocin haya da baƙaƙen fata suka yi a Montgomery ta Amurka daga 1955 ya ɗauki fiye da shekara, don sun tsara masu kai mutane wurin aiki kullum. Yanzu maudu'i ɗaya yana tara jama'a cikin kwana biyu, sai dai taron ba shi da ƙashin baya. Ranar da gwamnati ta ce a zo a zauna, ba a san wa zai je ba.

An ga haka a EndSARS, zanga-zangar neman rushe rundunar 'yan sanda ta SARS. A ranar 11 ga Oktoban 2020 aka sanar da rushe rundunar, bayan kwana biyu aka ce an kafa wata sabuwa mai suna SWAT a madadinta, kuma babu wani da masu zanga-zangar suka amince ya yi ciniki da sunansu kan sauran buƙatun. Kwatanta da yaƙin rage shekarun tsayawa takara da ƙungiyar matasa ta YIAGA ta jagoranta tun 2016. Buƙatarsu ɗaya ce, a rubuce, kuma sun san gyaran kundin tsarin mulki sai da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, don haka suka bi su jiha-jiha, suna bayyana ɗan majalisar da ya yarda da wanda ya noƙe. Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayun 2018: takarar shugaban ƙasa ta sauko daga shekara 40 zuwa 35, ta majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Haka ma Bagega a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara, inda gubar dalma ta addabi yara: an yi kururuwa a intanet, amma tare da shaidar likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da matsin ƙungiyoyi, aka saki kuɗin tsaftace garin a farkon 2013.

To, ku ma sai ku fara da takarda. Ku nemo aikin a cikin kasafin kuɗin shekarar: sunansa, lambarsa, adadin kuɗin, da hukumar da aka ɗora wa aiwatarwa. Nan mutane da yawa suke kuskure, su yi ta zagin ɗan majalisa alhali kuɗin yana hannun wata hukumar tarayya da ba a taɓa ambata ba. Shafin Tracka na ƙungiyar bibiyar kasafin kuɗi ta BudgIT yana taimakawa a wannan. Daga nan ku rubuta wa hukumar a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ku nemi sunan ɗan kwangila, nawa aka biya shi, da ranar da ya kamata ya gama. Doka ta ba su kwana 7 su amsa, suna iya ƙara wasu 7. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku, domin in ba shi za a ce wasiƙar ba ta iso ba. Kwafi ɗaya ya tafi hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda ke bibiyar ayyukan mazaɓu tun 2019.

Sannan ku zaɓi mutum uku ko biyar da za su yi magana da yawunku, kuma kada su zama matasa zalla. Mai unguwa, limami, shugabar ƙungiyar mata, waɗannan ne ɗan siyasa ke gani ya tuna akwatin zaɓe. Ku kai maganar gidan rediyo, don yawancin waɗanda asibitin zai amfana ba sa hawa X. Intanet kuma ku mayar da ita wurin ajiye shaida: hoton ginin duk mako mai ɗauke da kwanan wata, hoton wasiƙar, da ƙidayar kwanakin da hukuma ta yi ba ta amsa ba.

Da zarar abin ya fara zafi, 'yan data, masu kare 'yan siyasa a intanet, za su shigo su ce wani ɗan adawa ne ya ɗauki nauyinku. Kada ku biye musu, kuma kada ku karɓi kuɗin mota daga kowane ɗan takara. Ku kuma kiyaye harshe: an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, har bayan gyaran da aka yi mata a 2024. Ku rubuta cewa an ware kaza, ga abin da ke ƙasa, ga tambayarmu. Kada ku kira wani ɓarawo sai takardar biyan kuɗin tana hannunku.