Ki rage tukunya, kada ki rage zama

'Yata,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, na kuma ji daɗin jin kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Na gane halin da kike ciki. Shekara ta zo ƙarshe, aikin rufe lissafi ya tasa ku gaba a ofis, ki fita da duhu ki dawo da duhu, ga yara suna cikin jarrabawa. Kika ce kun taso kun tarar a gidanmu kullum sai an ɗora tukunya, a zauna a ci tare, a sha shayi, kowa ya ɗauki abin karatunsa kafin barci. Kina tambaya ko wannan al'ada dole ce, ko kuwa babu laifi ki jingine ta, ku riƙa sayen na waje kowa ya ci sa'ad da ya samu, in aiki ya lafa ki dawo mata.

Dole dai ba dole ba ce, kuma babu mai kama ki da laifi. Amma ba zan ba ki shawarar jingine ta ba, don aiki ba ya lafawa yadda mutum yake zato. Wannan ya wuce, wani ya sako kai, abin da aka ajiye da sunan "na ɗan lokaci" kuma ba kasafai yake dawowa da ƙafarsa ba. Abu biyu kika haɗe wuri ɗaya: wahalar girki daban, zaman cin abinci daban. Wahalar ki rage ta iya son ranki. Zaman ne ba na so ki taɓa.

Kina tuna gidan nan da idon yarinya, shi ya sa kike ganin kamar iyayenku suna da sarari. Ba su da shi. Sun ƙirƙiri lokacin ne da ƙarfi, don sun san in ba a tsayar da wata sa'a da kowa zai bar abin da yake yi ba, sai a wayi gari mutanen gida ɗaya suna gaisawa a bakin ƙofa kamar maƙwabta. Ko a wasu ƙasashe akwai irin waɗannan al'adu. Gahawa asalinta daga Habasha ne, amma a Yaman ta zama abin sha sananne a ƙarni na 15, a wurin sufaye masu son raya dare. A Suwidin suna da abin da suke kira fika: a tsakiyar aiki a ajiye komai, a zauna a sha gahawa da ɗan abin taɓawa, shugaba da na ƙasa da shi a tebur ɗaya. A 2010 kuma hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cin abincin Faransawa na lokutan murna cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, kuma ba wani girki ɗaya ta sa ba, taruwar ce da yadda ake zama a ci a natse.

To, bari mu shiga kicin, don nan ne gajiyar take.

Kuskuren mai gaggawa shi ne ta ɗauka girkin gida sai ya zama kala uku, da nama, da kayan ado. Ba haka ba ne. Shinkafa da miya mai kyau girki ne. Ƙwai da albasa da burodi mai ɗumi girki ne. Abin da yake sa abinci daɗi ba yawan kaya ba ne, wasu 'yan mintuna ne da bai kamata a yi musu rowa ba, kuma mafi yawansu a farkon girki suke. Ki bar albasa ta soyu a hankali har ta yi ja-ja, kada ki zuba ruwa tana fara. Wannan launin da ƙamshin da yake tashi suna fitowa ne sa'ad da zafi ya haɗa sukarin da yake cikin abinci da sinadaran furotin, abin da wani masani Bafaranshe mai suna Maillard ya bayyana tun 1912. Shi ne dai yake ba wa ɓawon burodi da gasasshen nama ɗanɗanonsu. Ba ya faruwa sosai in ruwa ya cika tukunya, don haka nama ma ki tsane shi kafin ki sa a mai, kada kuma ki cunkusa shi. Kayan ƙamshi kuwa ki zuba su cikin man nan na ɗan lokaci kaɗan kafin ruwa, don yawancin ƙamshinsu a mai yake narkewa. Gishiri ki sa kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa. In kin ji miya ta yi lami alhali gishiri ya ji, ba ƙarin gishiri take nema ba, ɗan tsami take so, ki matsa mata lemun tsami a ƙarshe.

Ranar da ba ki zuwa aiki, ki yi miya mai yawa sau ɗaya, ki raba ta a ƙananan robobi, kowace daidai cin dare ɗaya. Miya irin wannan in ta kwana ma ta fi daɗi, don kayan cikinta sun gama shiga juna. Wake ki jiƙa shi tun da dare. In kina da tukunyar nan mai kulle tururi, ki fito da ita daga inda kika ɓoye ta. Zafin cikinta yana kaiwa wajen digiri 120, shi ya sa abin da zai ci awa biyu take gama shi cikin ƙasa da rabin haka.

Sai dai a nan zan ja kunnenki, don ajiyar abinci tana da ƙa'ida. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60, wato daidai ɗumin da abinci yake yi in an bar shi a kan murhu bayan an kashe wuta. Kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje. Ki zuba shi a mazubi marar zurfi don ya huce da wuri, ki sa a firiji. Abin da za a ci cikin kwana uku zuwa huɗu ya zauna a firiji, sauran ya tafi firiza. In za ki ɗumama, ya yi zafi har tsakiya, tururi na tashi, kuma ki ɗebi na cin lokacin kaɗai. Shinkafa ce mai yaudara a cikinsu. Akwai wata ƙwayar cuta da take jure dahuwa, in shinkafar ta daɗe a waje sai ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Gara ki dafa sabuwa kullum, ai minti ashirin ne, miyar ce za ki riƙa cirowa daga ajiya. In kuma kina zaune inda wutar firiji ba ta da tabbas, to ki bar dabarar nan, ki koma girki ƙanƙani na dare ɗaya.

Kuma wa ya ce ke kaɗai za ki yi? Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Babban yaronki ya isa yanka albasa da wanke shinkafa, ƙaramar ta isa jera faranti. Maigidan in ya riga ki dawowa, kunna wuta a ƙarƙashin tukunya ba zai rage masa komai ba. Farko za su ɓata miki lokaci fiye da yadda za su taimaka, ki daure. Yaron da ya sa hannu a girki ba ya cika raina abin da aka zuba masa.

Ranar da abin ya gagara gaba ɗaya, ki sayo na waje ba tare da jin kunya ba. Sharaɗina ɗaya ne: ki juye shi a kwanon gida, a kira kowa, a zauna. Kada a ci a tsaye, kada a ci a mota, kada kowa ya shige ɗaki da ledarsa. Waya ta zauna nesa da wurin. Minti ashirin ya isa, kuma kusan haka ne lokacin da jiki yake ɗauka kafin ya sanar da mutum ya ƙoshi, shi ya sa mai cin gaggawa yakan tashi da nauyin ciki bai kuma san ɗanɗanon abin da ya ci ba. A wannan zaman ne za ki ji abin da ya faru a makaranta. Ba a tambayar yaro "me ke damunka" ya faɗa. Yana tsakiyar tauna zai saki maganar da kansa.

Batun abin sha kuma, na lura kin ce gahawa ce take riƙe da ke, kofi bayan kofi har dare. Wannan ba jin daɗi ba ne, bashi ne kike ci daga barcinki. Kafeyin, sinadarin da yake cikin gahawa mai hana barci, ba ya ƙara wa mutum ƙarfi, yana toshe saƙon gajiya ne kawai a ƙwaƙwalwa, gajiyar tana nan tana jira. Kuma yana daɗewa a jiki: bayan kamar awa biyar, rabin abin da kika sha yana nan. Kofin da kika sha ƙarfe biyar na yamma yana tare da ke ƙarfe goma na dare. Masana sun ce wajen miligiram 400 a rana shi ne iyakar baligi mai lafiya, wato kamar kofi huɗu, mai juna biyu kuma rabin haka. Ki sha taki da safe, a zaune, ki ji ƙamshinta. Da rana ta karkata ki koma wani abu.

Shayi na fi so miki, ko da yake shi ma yana da kafeyin, kusan rabin na gahawa. Baƙin shayi da kore duk ganyen itace ɗaya ne. Baƙin an bar shi ya sha iska har ya rine, koren an yi masa zafi da wuri don kada ya rine. Shi ya sa haɗinsu ya bambanta. Baƙin yana son tafasasshen ruwa da minti uku zuwa biyar. Koren in kika zuba masa ruwa yana tafasa sai ya yi ɗaci, ki bar ruwan ya ɗan huce zuwa wajen digiri 80, ki cire ganyen bayan minti biyu ko uku. Mutane da yawa da suke cewa ba sa son koren shayi, ƙona shi suke yi. Abu ɗaya da mata ya kamata su sani: shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga wake da ganyaye. Ke da kika taɓa fama da ƙarancin jini, ki ba da tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Can da dare kuwa, citta da lemun tsami a ruwan zafi sun wadatar, ko madara mai ɗumi, yara ma za su iya sha tare da ku.

Karatu shi ne zai fara faɗuwa in ba ki kula ba, don babu wanda zai yi kukan yunwa saboda shi. Za ki ce ba ki da lokaci, amma ki duba mintunan da waya take cinyewa bayan kin kwanta. Ita ba ta da shafin ƙarshe, littafi kuwa yana da inda babi yake tsayawa ya sallame ki. Shafi goma a dare, littafi mai shafi 300 ya ƙare a wata ɗaya. Ba sabon abu ba ne karatu guntu-guntu. A ƙarni na 19 dogayen labarai da yawa a Ingila da Faransa kashi-kashi suke fitowa a jaridu da mujallu, mutane su karanta su jira na gaba. Kamfanin Penguin kuma da ya fara fitar da ƙananan littattafai masu laushin bango a 1935, don mai shiga jirgin ƙasa ya sa a aljihu aka yi su.

A irin wannan lokaci kada ki ɗauki littafin da ya shafi aikinki, ko wanda kike karantawa don a ce kin karanta. Ki ɗauki wanda yake jan ki. In kin yi shafi hamsin bai kama ki ba, ki ajiye shi ki ɗauki wani, ba ki ci amanar kowa ba. Wanda kika taɓa karantawa kika so ma ya fi dacewa da ƙwaƙwalwar da ta gaji. Ki ajiye shi kusa da matashin kai, ba a kan kantar littattafai ba. Ƙaramar kuwa ki karanta mata da murya ko da shafi biyu ne, babban zai yi kamar ba ya saurare, amma yana ji.

Ki fara da miyar nan a hutun wannan makon, ki kuma gaya wa maigidan sa'ar da kuka tsayar ta cin dare don ya san da ita. Ki gaishe shi, ki shafa mini kan yara, Allah ya ba su sa'ar jarrabawa.

Goggonki